Ina son fitowa takarar kansila amma ba ni da ubangida, ta ina zan fara?

Ɗan Layin Maƙera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga harkar nan. Shekarata 31, ina da shagon gyaran waya a wata mazaɓa cikin birnin Kano, kuma shekara huɗu kenan ni nake jan ƙungiyarmu ta aikin gayya, mu ne masu yashe kwata kafin damina, bara ma da tiransifomar layinmu ta ƙone mu muka bi gida gida muka haɗa kuɗin gyara. To yanzu samari sun tasa ni gaba wai lallai in fito kansila a zaɓe mai zuwa. Matsalar ba ni da ubangida a siyasa, ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba, ɗan abin da na tara kuma bai kai miliyan ɗaya ba. Zan iya tsayawa indifenda, wato ba tare da jam'iyya ba? Fosta zan fara bugawa ko ofis zan kama?

Tsohon Kansila:

Wa'alaikumus salam ɗana. Ajiye maganar fosta tukuna, ruwan farko zai wanke ta. Indifenda kuma babu shi a Najeriya, ko dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu a 2018 ba ta kawo shi ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. Sannan ka sani zaɓen nan ba INEC ke yinsa ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, mu a nan KANSIEC, INEC rajistar masu zaɓe kawai take bayarwa, Abuja ce kaɗai INEC take yi wa zaɓen ƙananan hukumomi da kanta. A zaɓen 2024 farko miliyan 5 aka sa wa fom ɗin kansila, na ciyaman miliyan 10, sai da aka je kotu, ga kuma gwajin ƙwaya na NDLEA da ake yi wa 'yan takara. Ka ga miliyan ɗayarka ko ƙofa ba ta buɗe ba.

Amma ba don in karya maka gwiwa na faɗa ba, ni ma da na fito tela ne, keke biyu gare ni. Abin da na yi shi ne na yanki kati a mazaɓa, shekara biyu cur ban rasa taron jam'iyya ba, ni ne mai ɗauko benci ni ne mai siyo fiya wata, duk wani suna ko jana'iza a gidan ɗan esko, wato shugabannin jam'iyya na mazaɓa, ina sahun gaba. Esko ɗin mazaɓa mutum ashirin da wani abu ne, su da dattawan jam'iyya su suke zama su yi masalaha, sunan da suka kai sama shi ake dubawa, da wuya ka ga an yi zaɓen fidda gwani na ƙato bayan ƙato. Kuma tun yanzu ka bincika ko akwai karɓa-karɓa tsakanin unguwanninku, don ni karon farko haka aka ce min ba layinmu ba ne, na janye ina ji ina gani bayan na sayar da keke ɗaya, sai zagaye na biyu aka ba ni. Ka je ka gaida mai unguwa da liman, ba don su yi maka kamfen ba, don dai kar su ji labarin a bakin wani.

Maman Ilham:

Baba ya gama magana, amma ƙanena bari in ƙara maka ɗaya. Samarin nan da suke zuga ka, gobe in kun zauna a majalisa ka ce kowa ya fito da katin zaɓensa ka gani da idonka, wallahi za ka sha mamaki, wani ma katinsa na garinsu ne bai taɓa yin taransifa ba. Mu mata mu ne muke bin layi tun sassafe da goyo a baya. Na yi shugabar mata ta mazaɓa, ɗan takararmu ba ya iya shiga gidajen aure, to mu muka shiga, kowane lungu muka samu mace ɗaya da ake jin maganarta, mai kitso ko uwar adashe ko malamar islamiyya, muka ba ta littafi ɗan 40 ta rubuta gida nawa, mace nawa ke da kati, akwatinta ina ne. Kuma kar ka yi musu alkawarin titi, sun san kansila ba ya yin titi. Ka yi maganar fanfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a lalace da asibitin sha-ka-tafi da ba ma'aikaciya da daddare. Taliya da atamfa kuwa ka bar wa masu kuɗi, in ka ce za ka yi gasa da su kwana uku ka tsiyace. Matarka ko yayarka ta fara zuwa biki da barka tun yanzu.

Gaskiya Ɗaci:

Ni fa ku daina yaudarar yaron nan. Ranar 26 ga Oktoba 2024 NNPP ce ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 a Kano, ko ɗaya bai kuɓuce ba, mako guda kafin nan APC ta kwashe duka ciyamomi 23 na Kaduna. Jam'iyyar gwamna ita ke ci, ko wace ce, shi kenan. Kotun ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma ba sauran kantoma, amma wa ke naɗa hukumar zaɓen? Gwamna dai. Lokacin da na ga 'yan adawa sun ɗan samu wasu ƙananan hukumomi shi ne da Kaduna ta yi zaɓe da na'ura a 2018 da 2021. Malam riƙe shagonka.

Tsohon Kansila:

Lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma kujeru 484 ɗin nan ai mutane ne a kai, kuma a kowace mazaɓa sai da aka zauna aka fitar da mutum ɗaya cikin biyar ko goma. Wannan zaman nake nuna masa. Ranar da manya suka ga duk lungun da ya shiga mata da samari na binsa, su da kansu za su aiko a kira shi, don a babban zaɓen 2027 suna buƙatar mai kawo musu akwati.

Ɗan Layin Maƙera:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha na yi gwajin katin a wajen mai shayi, mu 17 ne a zaune, mutum 6 ne masu kati a mazaɓarmu, wanda ya fi kowa ɗaga murya ma cewa ya yi nasa ya ɓata tun 2019. Shago kam ba zan taɓa shi ba. Baba tambaya ta ƙarshe, katin jam'iyyar wajen ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa zan je ko sakatare?

Tsohon Kansila:

Rajista na hannun sakatare, amma fara gaida ciyaman a gidansa da safe, ka tafi da dattijo ɗaya daga layinku, kuma ranar kar ka ambaci takara ko da wasa.