Waɗanda suka zaga Dubai a jirgin saman gada, ku ba mu labari

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Sau huɗu ke nan ina zuwa Dubai saro kaya, amma in aka titsiye ni aka ce in faɗi abin da na sani a garin, to Naif ce da Murshid Bazar da ɗakin otal ɗina a Deira, sai hanyar filin jirgi. Yara a gida suna tambayata yaya Burj Khalifa take, sai in ce doguwa ce, alhali ni ma daga nesa nake hango ta ta gilashin tasi. Wannan karon in na rufe kaya na miƙa wa masu kago, ina so in ware kwana biyu in ga gari. An ce mini kada in ƙona kuɗi a tasi, in hau metro, jirgin ƙasan nan da ke bin saman gada. Waɗanda suka taɓa hawa, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi da inda ya kamata a sauka.

Hajiya Mai Turare:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ai ciwonmu ɗaya, ni ma na yi shekaru ban san ko'ina ba sai kasuwar turare. Tunda a Naif kake sauka, tasharka ita ce Baniyas Square, da ƙafa ma za ka je. Kada ka ɗaga kai kana neman gada, a wannan ɓangaren jirgin ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Ni ranar farko sai da na zagaya dandalin sau biyu kafin wata 'yar Filifin ta nuna mini matakalar da ke gangarawa.

Ka sayi kati, sunansa Nol, mai ruwan azurfa. Lokacin da na saya dirhami 25 ne, da 19 a ciki na hawa. Tafiya mafi kusa dirhami 3, mafi nisa 7.5, kuma in kuɗin cikin katin bai kai 7.5 ba ƙofa ba za ta buɗe maka ba ko da tasha ɗaya za ka je. Kana taɓa katin in za ka shiga, ka sake taɓawa in za ka fita. Layi biyu ne, ja da kore. Baniyas tana kan kore, sai ka yi tasha ɗaya zuwa Union ka sauya zuwa ja. Daga nan zai bi ta ƙarƙashin ruwa ya kai BurJuman, yana barin BurJuman kuma sai ka ga haske ya dallaro, jirgi ya haura gada. Wallahi ranar sai da na yi salati a fili, wata Ba'indiya a gefena ta yi ta dariya. Can gaba kaɗan titin Sheikh Zayed ne a ƙasanka, motoci jere kamar tururuwa, dogayen gine-gine hagu da dama.

Abu ɗaya: ka duba ƙasa kafin ka tsaya. Inda ka ga alama mai ruwan hoda, taragon mata da yara ne. Namiji ya shiga tarar dirhami 100 ce.

Baƙon Damagaram:
Hajiya ta ambaci tara, to bari in ba ku tawa, don ni da kaina na biya. Na sayo dabino a kasuwar da ke kusa da Al Ras, irin mai laushin nan da ke narkewa a baki. Na samu wurin zama, gajiya ta sauko mini, ban san sanda hannuna ya shiga leda ba. Na ci ɗaya, na ci biyu, ƙwallayen na riƙe a tafin hannu don ban ga inda zan zubar ba. Ina kan na uku mai duba kati ya tsaya a kaina. Bai ɗaga murya ba, nuna mini hoton da ke manne a jikin tarago kawai ya yi, sannan ya dubi hannuna. Ga shaida a dunƙule, me zan ce? Dirhami 100. Dabinon gaba ɗaya bai kai rabin haka ba. Ba a ci, ba a sha, ko cingam ba a tauna. In ƙishi ya dame ka, ɗan'uwa, ka sha ruwanka kafin ka shiga.

Amma duk da haka na sake hawa washegari, don a kuɗin tasi ɗaya daga Deira zuwa Marina sai ka yi yini kana yawo a jirgin.

Ɗalibi a Sharjah:
Baba Ɗan Kwari, shekarata ta uku ke nan ina hawansa kusan kullum, ga abin da ke rikita baƙi. Sunayen tashoshi suna canzawa, yawanci saboda kamfanoni ne ke sayen sunan. Tashar da tsofaffin zuwa ke kira Rashidiya yanzu Centrepoint ce, Al Jafiliya ta koma Max, Al Fahidi ta koma Sharaf DG, Palm Deira kuma Gold Souq ake ce mata. Na taɓa ganin wani dattijo ɗan Sakkwato da takardar da ƙaninsa ya rubuta masa tun zuwan da ya yi shekarun baya, yana neman sunan da babu shi a allo. Ku dogara da taswirar da ke cikin tashar a ranar.

Sai lokaci. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, da kuma 5 zuwa 8 na yamma, ku ƙyale wa ma'aikata jirginsu. A Union da BurJuman sai jirgi biyu su wuce ba ka samu wurin sa ƙafa ba. Mai yawon buɗe ido ya fito da hantsi. Ranar Lahadi ba ya farawa sai 8 na safe. Tun Janairun 2022 da suka mai da hutun mako Asabar da Lahadi aka sauya, da can Juma'a ce ake makara.

Kuma kada sunan tashar Burj Khalifa/Dubai Mall ya ruɗe ku. Daga tashar zuwa cikin kantin akwai wata doguwar gada rufaffiya mai sanyi, kusan mita 820, da bel mai tafiya da mutum. Ginin kansa mita 828 ne, wato tsawon da za ku taka a kwance kusan shi ne tsawonsa a tsaye. Mai ciwon gwiwa ya shirya.

Malamin Tarihi:
Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na jama'a. Abin da ake gani daga saman gada gilashi ne da ƙarfe, bayan tasha biyar ido ya ƙoshi. Dubai ɗin da ta zauna mini a rai tana can inda jirgin yake nutsewa ƙasa. Alhaji, ka sauka a Al Ras, ka ratsa kasuwar kayan ƙamshi, ka bi ƙanshin lubban da kanumfari har bakin ruwa. A nan akwai kwale-kwalen katako mai inji da suke kira abra, dirhami 1 na biya aka tsallakar da ni Bur Dubai. Kuna zaune baya da baya a kan benci, leburori da 'yan kasuwa da Turawa masu kyamara, ga manyan jiragen ruwa na katako a gefe ana loda musu firji da tayoyi. Daga can ka taka zuwa tsohuwar unguwar Al Fahidi. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Zariya, kuma kan gidajen akwai wata hasumiya mai buɗaɗɗun ɓangarori huɗu, barjil, wadda ke kamo iska ta sauko da ita ɗaki tun kafin a san lantarki. Na daɗe tsaye a ƙarƙashin ɗaya ina tuna sanyin soron kakana.

Wuri ɗaya da na yarda ya cancanci doguwar tafiyar jan layi shi ne Ibn Battuta, can kusa da Jabal Ali. Kanti ne, amma an raba shi gida shida bisa ƙasashen da matafiyin ya bi: Sin, Indiya, Farisa, Masar, Tunisiya da Andalus. Rufin ɓangaren Farisa kaɗai ya ishe ka kallo. Ina yawo a ciki ina cewa a raina, mutumin nan fa ya zo har Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, kuma ya ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Ɗan'uwanmu na Damagaram, da ka sani da ka je ka gai da tsohon baƙonku.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, ka yi haƙuri, yara ba su san barjil ba, gilashin suke so. Mun je da maigida da yara uku. Shi ya dage a sayi katin zinare, na shiga tarago na musamman, kuɗinsa ninki biyu, ina ta mita. Ashe taragon yana ƙarshen jirgin ne, in an dace da ɓangaren da ya dosa sai ku zama ku ne a gaba, kuma jirgin ba shi da direba. Taga ce ƙatuwa, layin dogo yana tahowa yana shigewa ƙarƙashinku. Ƙaramin ya manna goshi da gilashi yana ta tambaya ina mai tuƙin ya ɓuya. Babansa ya ce kwamfuta ce, ya ce to ita kuma wa ke tuƙa ta. Har yau in ana wasa a tsakar gida sai ka ji yana cewa "al-abwabu tuglaƙ", abin da muryar jirgin ke faɗa da Larabci in ƙofa za ta rufe.

Wajen Emirates Towers za ku wuce daf da wani gini mai kamar zobe, jikinsa duk rubutun Larabci, shi ne gidan tarihin gobe da aka buɗe a 2022. Daga cikin jirgi hoton ya fi fita. Mun sauka a Max don Dubai Frame, wani dogon gini mai siffar firam ɗin hoto, amma akwai 'yar tafiya a rana kafin a isa, kuma a watan Yuli muka je, kada ku maimaita kuskurenmu. A Mall of the Emirates yara suka fara ganin ƙanƙara ta bayan gilashi, mutane da rigunan sanyi suna sulu a kai, mu kuwa gumin waje bai gama bushewa a jikinmu ba.

Alhaji Mai Fitilu:
Duk na ji, amma a faɗa wa mutum gaskiya. Jirgin nan ba na ɗan kasuwa mai kaya ba ne. Jaka biyu aka yarda, babba da ƙarama, kada ka ɗauko Ghana-mas-go uku ka ce za ka shiga. A filin jirgi kuma Terminal 1 da 3 kawai yake tsayawa, ban da 2. Dragon Mart, inda nake sayen kayan wuta, ba ya zuwa, sai ka sauka ka nemi bas. An ce sabon layi, shuɗi, zai bi ta can a 2029, Allah Ya kai mu. Bakin teku na Jumeirah da Burj Al Arab ma hangensu kawai za ka yi. Kuma ina garin lokacin ruwan 16 ga Afrilun 2024, wasu tashoshi sai da suka yi makonni a rufe. Ranar da ƙafa na koma masauki, takalmi a hannu.

Ɗan Kwari:
Jama'a na dawo, Allah Ya saka da alheri. Na bi ta Hajiya tiryan-tiryan, Baniyas zuwa Union, kuma ni ma na yi salatin bayan BurJuman. Rana ta farko na je har Marina, na hau ƙaramin jirgin titi da katin nan dai zuwa bakin teku, na dawo Burj Khalifa da magariba na ga rawar ruwa. Rana ta biyu ta Malam ce, abra sau uku na hau, don kawai daɗi. Dabino kuwa a ɗaki na bar shi. Sai dai a Union cunkoso ya tura ni, ban ankara ba ƙafata ɗaya ta haura layin ruwan hodar nan, wata tsohuwa ta zungure ni da lema na ja baya kafin kowa ya gani. Saura dirhami 11 a katin. Ɗalibi, in na ajiye shi har zuwa bayan Babbar Sallah zai yi aiki, ko in ba wani mai tafiya?

Ɗalibi a Sharjah:
Ajiye abinka Baba, shekara 5 yake yi. Ka dai duba sunayen tashoshin in ka dawo.