Abin da na tsinta kan ɗaukar hoton ɗan tsuntsun rafi

Jiya mun daɗe muna hira da jama'a kan yadda ake ɗaukar hoton ɗan tsuntsun nan mai launin ganye da ke zuwa daga Turai da hunturu, wanda ya wahalar da ni a bakin rafi wajen Zuru. Kusan kowa ya ce sammako, bayan asuba ka samu gindin kanya ka zauna shiru, kar ka bi shi, kunne za ka sa, da kansa zai leƙo yana tsintar ƙwari a ganye. Kyamara a saite tun farko don ba ya daɗewa a reshe ɗaya, rana a bayanka. Wani dattijo ya hana kunna wa tsuntsun kukan irinsa a waya, ya ce yana gajiyar da shi, wallahi na yarda. A kuma tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin shiga kurmi.