Ina neman haske kan nitirik oksaid da ruwan huhun ɗan tayi

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a fannin ungozoma, kuma wani batu ya tsaya mini a wuya.

Na fahimci cewa huhun ɗan tayi shi yake samar da ruwansa da kansa. Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin huhun suna fitar da sinadarin kuloraid, ruwa ya biyo baya, huhun ya buɗe ya yi girma. Idan haihuwa ta matso, sinadaran jiki adirenalin da kotisol sukan juya lamarin, a koma tsotse sinadarin sodiyam ta ENaC (ƙananan ƙofofin da sodiyam ke bi ya shiga ƙwayoyin), ruwan ya janye. Shi ya sa jaririn da aka ciro ta tiyata kafin naƙuda kan iya yin numfashi da sauri-sauri, don ruwan bai gama janyewa ba.

Ga inda na cije. A gwajin tayin tumaki, nitirik oksaid (wata iska da jiki ke samarwa, mai buɗe jijiyoyin jini) ya rage samar da ruwan. Amma a ƙwayoyin huhu da aka raya a ɗakin gwaji, an ga yana danne ENaC ɗin. To yaya abin da ke hana tsotse sodiyam zai rage ruwa? Kuloraid ɗin yake tarewa, ko buɗe jijiyoyin jinin huhu ta hanyar cGMP (sinadarin da ke isar da saƙonsa a cikin ƙwayoyin halitta) ne sanadi?

Don Allah wanda ya sani ya warware mini, jarrabawa ta ƙarato.