Neman shawara: yadda za a tayar da tsohon babur Honda CG125 da ya daɗe a ajiye

Ɗan Zaure ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin babur, musamman dattawan da suka yi zamani da injinan Japan. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Honda CG125, irin na farko-farkon nan mai batir bolt 6 da kwantak (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta), kuma tun lokacin da ciwon ƙafa ya hana shi hawa aka tura babur ɗin cikin shagon zaure aka lulluɓe shi da buhuna. Ya haura shekara goma babu wanda ya tayar da shi.

Ga halin da na same shi a ciki. Akwai ragowar fetur a tanki wanda ya yi duhu ya yi kauri, yana wani irin wari mai tsami, kuma idan aka haska ciki ana ganin tsatsa. Tayoyin sun sace sun tsattsage ta gefe, ɓeraye sun cinye soson kujera har da wasu wayoyi, sannan idan na taka kik da hannu yakan sauko kaɗan ya cije. Wani bakanike a unguwarmu ya ce a zuba sabon mai a tura shi a gangare a saka giya ta biyu, dole ya tashi. Wani kuma ya ce kada in wahalar da kaina, in sauke injin in ɗora na China. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, domin burina shi ne babur ɗin ya koma kan hanya da injinsa na asali. Daga ina ya kamata in fara, kuma mene ne bai kamata in taɓa ba?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai ina roƙonka kada ka yarda a tura wannan babur a gangare, kuma kada kowa ya hau kik ɗin da ƙarfin ƙafa. Cijewar da ka ji alama ce ta cewa ringi ya manne da bangon silinda, domin man da ke jikin bangon ya tsiyaye tun tuni, danshin damina kuma ya shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ya haifar da tsatsa. Idan aka tilasta masa, ko dai ringi ya karye ya karce silinda, ko haƙoran kik su zube, kuma ɓarnar minti ɗaya za ta jawo maka aikin da da ba ka buƙace shi ba.

Abin da za ka yi shi ne ka share ƙurar da ke kewaye da fulogi sosai kafin ka kwance shi, don kada yashi ya faɗa ciki, sannan ka zuba kamar cokali biyu na baƙin mai da aka sirka da kananzir ta ramin, ka rufe da tsumma ka bar shi ya kwana biyu ko uku. Bayan haka ka ɗora babur ɗin a kan jaki na tsakiya, ka saka giyar ƙarshe, ka riƙa juya tayar baya da hannu gaba da baya a hankali. Idan fistin ya motsa, ka ci gaba da juyawa har ya riƙa kaiwa da komowa ba tare da cijewa ba. Idan ya ƙi, ka ƙara jiƙa shi, kuma idan har yanzu bai saki ba, a buɗe kan injin a gani da ido maimakon a yi masa dole.

Wannan inji ya cancanci a yi haƙuri da shi. Kamfanin Honda ya fitar da CG125 ne a 1975 musamman saboda ƙasashe irin namu, inda ake ɗora wa babur kaya fiye da kima, ga ƙura, ga jinkirin juyen mai. Shi ya sa suka sanya kam ɗinsa a ƙasa kusa da mai, yana tura bawul da sanduna, maimakon a sama da sarƙa. Na ga irinsa da yawa da aka yanke musu ƙauna suka tashi, muddin ba a yi musu garaje ba.

Da zarar fistin ya saki, ka juye tsohon baƙin man gaba ɗaya. A ƙasan injin ta gefen hagu akwai babban murfi wanda idan ka kwance za ka tarar da sifirin da 'yar rariya, sai ka wanke ta da kananzir. Akwai kuma matatar mai mai juyawa a bayan murfin dama, wajen kuloci, wadda yawancin makanikai ba sa kulawa da ita, alhali a nan dauɗar shekaru take taruwa ta daskare kamar katsi. Ka buɗe ta ka kankare. Injin yana ɗaukar mai kusan lita ɗaya, kuma ka nemi man babur mai alamar JASO MA a jikin robar, domin kulocinsa a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Tazarar bawul kuwa milimita 0.08 ce, na shiga da na fita, ana aunawa injin yana sanyi, alamar T ta magneto tana daidai da tsagarta.

Mai Gyaran Kafireta ya amsa:

Baba ya gama magana a kan inji, ni kuma zan ɗora a kan hanyar mai, domin a irin wannan ajiya a nan matsala ta fi yawa. Malam, kada ka zuba sabon fetur a kan tsohon. Ka sauke tankin, ka zubar da abin da ke ciki a wurin da babu wuta, ka cire makunnin mai, sannan ka zuba tsofaffin notuna cike da hannu tare da kananzir ka yi ta girgizawa har ɓawon tsatsar ya saki. Bayan an ɗauraye, ruwan tsami na binega yana cinye ragowar tsatsa idan aka bar shi ya kwana, amma wajibi ne a wanke shi tas, a shanya tankin a rana ya bushe ƙarau, a zuba mai nan da nan, in ba haka ba sabuwar tsatsa za ta fito a yini guda. Idan ka ga huda, kada ka bari mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke shi sosai an cika shi da ruwa, domin tururin fetur da ke cikin tankin da babu komai ya fi fetur ɗin kansa haɗari.

Kafireta kuma a wargaza ta gaba ɗaya. Tsohon fetur yakan bushe ya bar wani ƙaro da ke toshe jet, musamman ƙaramin da ke riƙe silo, wanda raminsa bai fi tsinin allura ba. A jiƙa su, a hura da iska, amma kada a zura waya mai kauri, domin da zarar ramin ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har abada. Kafin ka kwance sukurun iska ka ƙirga zagaye nawa yake ɗauka ya kai ƙarshe, don ka mayar da shi yadda yake. Ina kuma ba ka shawarar ka riƙe kafiretarka ta asali ko da an nuna maka sabuwa mai ƙyalli da araha.

Abu biyu da ake mantawa: soson matatar iska ya riga ya ruɓe, kuma idan aka tayar da inji a haka zai zuƙe garinsa zuwa ciki, saboda haka a canza shi a ɗan shafa masa mai. Sannan ka leƙa cikin salansa da akwatin iska, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a irin waɗannan wurare, ɓera kuma yakan tara ɓawon gyaɗa.

Injiniya daga Kaduna ya amsa:

Ina tare da ku a kan cewa kada a ɗora injin China, amma a batun wuta ina da ra'ayi dabam da na masu cewa komai sai na asali. Tsarin bolt 6 fitilarsa ba ta da haske, kuma batir da ƙwan fitilarsa suna ƙara wuyar samu a kasuwa. Idan babur ɗin na hawan yau da kullum ne har da dare, mayar da shi bolt 12 da CDI, wato akwatin lantarki mai ba fulogi wuta a maimakon kwantak, ya fi kwanciyar hankali, kuma su kansu Honda haka suka yi a ƙirar da ta biyo baya. Da yake injinan China da yawa kwaikwayon CG ne, ana samun gaskit da ringi da faifan kuloci cikin sauƙi, sai dai ba kowanne ne yake shiga daidai ba, saboda haka ka riƙa tafiya kasuwa da tsohon a hannu ana gwadawa. Don tsofaffin kayan Japan kuwa, ka zagaya Panteka a nan Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Sai dai ko da za ka canza, ka fara tayar da shi a yadda yake, don ka san lafiyar injin tukuna. Ka goge bakin kwantak da lallausar takardar yashi, ka daidaita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai alamar F ta magneto. Ka saka sabon fulogi NGK D8EA mai tazarar 0.6 zuwa 0.7. Wayoyin da ɓera ya ci a haɗa su launi da launi a yi musu dalma, ba a murɗa a naɗe da leda ba. Kada kuma ka kunna fitilu babu batir a jiki, domin a wannan tsari batir ne ke shanye rarar wuta, kuma idan babu shi ƙwayayen za su ƙone da zarar ka ja totur.

Ɗan Zaure ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba, kuma fistin ya saki, yanzu kik yana sauka har ƙasa. Zan bar shi a bolt 6 tukuna, domin ba na nufin tafiyar dare da shi. Tambayata ta ƙarshe ita ce game da tayoyi: ƙurajensu ba su cinye ba ko kaɗan, shin idan na canza tif kawai ba za su yi ba?

Tsohon Bakanike ya sake amsawa:

Ba za su yi ba, ɗana, kuma a nan ba na sassauci. Roba tana mutuwa da shekaru ko ba a taka ta ba, kuma tayar da ta tsattsage ta gefe tana iya fashewa kana cikin gudu. Idan ka je sayen sababbi ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun DOT a jikinsu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don kada a sayar maka da wadda ta tsufa a shago. Haka nan ka buɗe birkin gaba da na baya ka canza takalmansu, domin fatar birkin manna ta aka yi da gam, kuma bayan doguwar ajiya takan ɓalle ta cije taya ba zato. Wayar birki da ta kuloci da ta totur a ɗiga musu mai, wadda ta fara warwarewa a yar da ita. Sarƙa idan ta ƙage a canza ta tare da haƙoranta na gaba da na baya, a kuma matsa silin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da za ka tayar da shi, ka fara taka kik sau da yawa fulogi yana cire, domin famfo ya kai mai sama kafin wuta ta kama. Idan ya tashi zai yi farin hayaƙi na ɗan lokaci saboda man da ka jiƙa fistin da shi, wannan ba abin damuwa ba ne. Ka bar shi a silo, kada ka ja totur, ka kasa kunne ko akwai ƙwanƙwasa, ka duba ƙasa ko yana yoyo. Faifan kuloci yakan manne bayan ajiya, saboda haka kafin ka saka giya inji yana aiki, ka kashe shi, ka saka giya, ka matse kuloci ka tura gaba da baya har ya saki, in ba haka ba babur ɗin zai zabura da kai. Ka yi gajerun tafiye-tafiye a cikin unguwa, sannan ka sake juye mai da wuri, domin man farko shi zai kwaso sauran dauɗar.

Tun da dukiyar marigayi ce, ka tabbata an daidaita da sauran magada cewa babur ɗin ya faɗo a rabonka ko sun yarje maka kafin ka zuba kuɗi a kansa. Ka nemo takardunsa na asali, ka gwada lambar inji da ta firam da abin da ke rubuce, sannan ka je ofishin lasisi a yi canjin suna da sabuwar lamba kafin ka hau babban titi.