Gasar haɗa mota da kuɗi kaɗan: yaya za a yi kar a cuci kowa?

Mai walda, Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara mu bakwai muka yi gasar haɗa ƙaramar mota da injin babur, muka yanke cewa kar kowa ya wuce jika 300 na sefa. Wata huɗu na yi ina tsintar ƙarfe a Kasuwar Dole ta Damagaram, kujera ma a jikin wata mushen Starlet na ciro ta. Ranar gasa sai ga wani da inji fes, ko ɗigon baƙin mai babu a jikinsa, ya ce kawunsa ne ya ba shi kyauta, don haka ba ya cikin lissafi. Wallahi har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Bana ina so mu gyara tun kafin a taɓa sifana. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Makanike, Birni: Maigida, ina wurin ran nan. Ni ban ga laifinsa sosai ba, mu ne muka bar ƙofa a buɗe. Ni kaina bayan garejin mahaifina cike yake da gawar Fijo 504. Duk abin da nake so hannu kawai nake sawa, alhali ƙanena ɗan Garin Malam ko noti sai ya saya. Na zo na biyu, amma ban ji daɗinsa ba. A sa dattawa uku da suka san kasuwa su yi wa kowane kaya kuɗi, saye ne, kyauta ce ko tsintuwa.

Direban hanyar Matamaye: Ku ƙara da zancen naira. Na sayo kabureta da sarƙa a Ƙofar Ruwa, Kano, kafin ranar gasa canji ya motsa, aka yi ta gardama kan nawa suka kama a sefa. Kuma wa zai ba ka rasit a wajen 'yan gwangwan? A tsayar da canjin rana ɗaya, kowa ya bi.

Tsohon makanike, Sabon Gari: Yarana, ni abin da ya tsaya mini daban ne. Yaron nan da ya rage kuɗi a birki don ya sayi fistin, ina tsaye ya taka ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta tsaya ba sai da rairayi ya riƙe ta, taku kaɗan da inda yara suke kallo. Da na kwance sai na tarar da roba ya ɗaure tiyon man birki. Birki, taya, hular kwano da bel na ɗaure jiki ku fitar da su daga cikin jika 300 ɗin. Kowa ya sayi mai kyau, a duba kafin a tayar da inji. Wanda bai wuce dubawa ba, ko ɗana ne, ba zai hau ba.

Makanike, Birni: Baba, wannan babu ja. Wata shawara: duk wanda ya ci, dole ya sayar da injinsa kan jika 100 ga abokin gasar da ya nema. Mai ɓoye inji mai tsada zai yi tunani.

Mai walda, Zango: Nan kam zuciyata ta rabu biyu. Zai hana wayo, amma wanda ya kwana uku yana wasa bawul ɗin injinsa da hannunsa fa? Mu haɗu ran Juma'a bayan la'asar a shagona, Baba ya zo mana da sunayen dattawan uku.