Kuɗin abin sha a jirgin ruwan shaƙatawa: shawarar waɗanda suka saba

Bakin waɗanda suka saba wannan tafiya ya zo ɗaya kan cewa kuɗin tikiti somin taɓi ne. Ɗaki, abincin yau da kullum, ruwa da shayi suna ciki. Lemon kwalba, kofi na musamman, intanet da yawon gari idan jirgi ya tsaya, duk daban ake biya.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne biyan kuɗin abin sha a dunƙule. Kullum ake lissafa shi har ƙarshen tafiya, ko ka sha ko ba ka sha ba. Shawarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ka ƙirga kofin abin sha nawa kake sha a yini, ka cire ranakun da za ka wuni a gari, sannan ka kwatanta da kuɗin biya a dunƙule. A jiragen kamfanonin Carnival da Royal Caribbean, idan mutum ɗaya ya sayi tsarin giya na biya a dunƙule, sai duk manyan da ke ɗakin sun saya. Ga ladan ma'aikata da ake ɗorawa, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Wanda ba ya shan giya, tsarin lemo ya ishe shi, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman in an saya kafin jirgi ya tashi.

Abin da ya fi damuna, kusan ba a taɓa tsabar kuɗi a jirgi. Katin buɗe ɗakinka za ka miƙa, a goga, ka wuce, sai ranar sauka lissafi ya tsaya maka a wuya. Shi ya sa aka ce a riƙa duba shi a waya kowace safiya.