Tawa ko Yamai? Ina son karatun siyasa da hulɗar ƙasashe, ku ba ni shawara

Ɗiyar Adar: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na samu bak A, wato ta ɓangaren adabi, bana a Tawa. Tun ina lise burina in karanci ilimin siyasa da hulɗar ƙasashe, in Allah ya yarda in yi aiki a ma'aikatar harkokin waje. A nan Jami'ar Djibo Hamani ina iya karanta doka ina kwana gidanmu. Abin da raina ke so kuma yana Yamai, a FSJP, sashen doka da ilimin siyasa na Jami'ar Abdou Moumouni. Baba ya yarda, amma sai in zan zauna wajen gwaggona a Lazare, jami'ar kuwa tana hayin gulbi. Tambayata biyu ce: wanda ya yi lisans ɗin doka a Tawa, ana karɓarsa mastar na hulɗar ƙasashe daga baya? Kuma nawa ɗaliba ke kashewa a wata a Yamai? Ban da burs.

Ɗan Keita: Ƙanwata ki yi likitanci kawai. Likita ba ya zaman banza.

Ɗiyar Adar: Yaya, bak A na ce.

Mai Shayi Konni: Ba'adara da diflomasiyya? Mu da aka sani da Abija! To ki karanta, in an kai ki ambasad can ki riƙa buga ma 'yan gida tambari kyauta 😂

Tsohon Anfi: Ƙanwata, ki ji daga bakin wanda ya bi hanyar. Na gama lisans, na ce bai isa ba, na shiga wata makarantar kuɗi a Yamai don mastar na hulɗar ƙasashe. Jika 650 a shekara. Tsohuwata ta saida gonar da ta gada wajen mahaifinta don wannan karatu. Sai da na gama, na kai takarduna wani wuri, mutumin ya duba ya ce kwalin ba ya cikin waɗanda CAMES, hukumar Afirka mai tantance kwalayen jami'a, ta amince da su. Ba wanda ya gaya mana haka ranar da muke biyan kuɗi. Na yi sarbis sibik shekara biyu a wani ofis, aikina ɗaukar dosiye daga wannan tebur zuwa wancan. Daga nan sai jiran konkur. Kowane lokaci sabon kaziye, takardar kotu ta shaidar ba ka da laifi, tunda wata uku yake yi ya mutu, sabon tambur, layin meri tun da asuba don a halatta kwafi. Yanzu kayan waya nake saidawa kusa da babbar kasuwa. Kwalin yana cikin leda ƙarƙashin katifa. In na je gida ba na iya bin hanyar gonar nan, wallahi sai in zagaya.

Maman Halifa: Allah ya kawo mafita, ɗana. Amma jika 650 an cuce ka. Ƙanen maigidana 400 ya biya.

Tsohon Anfi: Hajiya, 400 na lisans ne. Ki tambaye shi da kyau.

Ɗan Keita: Ni na ji har miliyan ana biya.

Kawu Mai Ritaya: Ɗiyata, kada labarin mutum guda ya karya miki gwiwa. Ƙasar nan ta fidda manya a wannan fage. Idé Oumarou ya riƙe sakataren ƙungiyar haɗin kan Afirka daga 1985 zuwa 1989. Hamid Algabid ya riƙe na ƙungiyar ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Nijar ta zauna a kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 da 2021. Yanzu kuma mun fita CEDEAO tun 29 ga Janairu 2025, ga AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, ana ginawa da Mali da Burkina. Wa zai rubuta yarjejeniyoyin kwastan, da na shige da fice, da na iyaka? Baƙo za mu ɗauko? Shawarata ki kafa ƙafa da doka, musamman dokar gwamnati da ta ƙasa da ƙasa, don duk takardar da za ki taɓa a wannan aiki da harshen doka aka rubuta ta. Ki koyi Turancin Ingilishi tun yanzu, Faransanci kaɗai ba ya kai mutum nesa. Sannan ki sa ido ga konkur na ENA, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati.

Tsohon Anfi: Kawu, da girmanka, zamaninku daban ne. Kuna fitowa gwamnati na jiranku da lambar aiki. Mu mun fito mun tarar da layi. Wanda bai yi jiran konkur a wannan zamani ba, shawararsa ta da ce.

Kawu Mai Ritaya: Ɗana, ban musa wahalarka ba. Amma kai makarantar da ba ka bincika ba ta cuce ka, karatun bai cuce ka ba. Yarinyar nan jami'ar gwamnati take magana.

Anti Harobanda: Ku bar gardama, ku duba abin da ta tambaya. Ƙanwata, ni dokar gwamnati na yi a lisans, daga baya na juya zuwa hulɗar ƙasashe, yau ina aiki da wata ƙungiyar agaji. Tsarin LMD ne ko'ina, lisans shekara uku, mastar biyu, amma mastar da dosiye ake zaɓe, makinki ne zai yi magana. Ki je ofishin rajista da ƙafarki ki tambaya, kar ki dogara da mu. Abin da zai gajiyar da ke shi ne hanya. Daga Lazare sai kin yi taksi biyu kafin ki ƙetare gadar Kennedy, in kin makara kuma ba kujera a anfi, a tsaye za ki yi rubutu. Ni ɗaki muka kama mu biyu kusa da jami'a, jika 15.

Maman Halifa: Jika 15 a wace shekara? Ɗiyar maƙwabciyata 25 take biya, ban da wuta da ruwa.

Mai Shayi Konni: Ta tahi Sakkwato mana, ga Illela nan kusa, Ingilishin ma kyauta za ta kwaso.

Ɗiyar Adar: Na gode duka. Anti, in ina gidan gwaggo, kuɗin taksi da abincin rana da fotokofi nawa za su kai a wata? Shi Baba ke jira in faɗa mishi.

Tsohon Anfi: Anti, ke ma ki faɗi gaskiya, wa ya kai takardunki ƙungiyar nan? A garin nan in ba ka da PAC, dangi ko aboki ko sanayya, ko istaj na kyauta ba ka samu.

Anti Harobanda: Ba wanda ya kai. Jarrabawa na yi, kuma Ingilishi ya fidda ni.

Ɗan Keita: Maganar istaj ɗin nan ta taɓa ni. Ƙanena wata shida yana zuwa wani ofis, shi ke sayen man babur ɗinsa, shi ke rubuta musu rahoto, ranar ƙarshe ko takardar shaida ba su ba shi ba. Da aka tashi ɗauka sai ga ɗan wani da ba a taɓa gani ba.

Maman Halifa: Haka aka yi ma ɗan yayata. Shi har shayin ofis shi ke dafawa. Ɗan Keita, naku ya koma ya nemi takardar kuwa? Namu har yau ana ce mishi shugaban ya yi tafiya.